Darasi na Bakwai: Amosanin Gaɓɓai a Ƙafa da Idon Sawu

Idan dattijo ya ce ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, ko uwargida ta ce ba ta iya taka ƙasa da asuba sai ta dafa bango, amsar da aka saba ba su ita ce, "Sanyi ne," ko kuwa, "Ai tsufa ne." Daga nan sai a aiki yaro kemis. Wannan darasi zai nuna cewa abin da muke haɗawa mu kira sanyin ƙashi cututtuka ne daban-daban, kowace da sanadinta, kowace da maganinta. Maganin da ya yi wa maƙwabcinka amfani yana iya zama bai da abin da zai tsinana maka, yana ma iya yi maka illa. Ana son bayan kammala darasin ɗalibi ya iya bambance manyan ire-iren amosanin gaɓɓai da ke kama ƙafa, ya san abin da zai iya yi a gida, ya kuma san lokacin da zaman gida ya zama ganganci.

Yadda aka gina ƙafa

Daga idon sawu zuwa kan yatsu, ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Ƙafa biyu ke nan 52, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Kowa ya cire takalminsa ya taɓa tudun nan biyu da ke gefe da gefen idon sawu. Waɗannan su ne ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri guda biyu. A tsakaninsu akwai wani ƙashi da ya shiga ya zauna daram, shi kuma yana bisa ƙashin dunduniya. A nan ne ƙafa ke lanƙwasa sama da ƙasa in ana tafiya.

Duk wanda ya taɓa gwaguyar ƙashin rago ya ga wani farin abu mai santsi a bakin ƙashin. Shi ne guringuntsi, kuma shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Gaɓar tana cikin wata 'yar jaka mai fitar da ruwa mai yauƙi, sannan jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure ta daga waje. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, don haka in ya lalace ba ya saurin gyaruwa. Ba shi kuma da jijiyar da ke kai saƙon zafi, shi ya sa yake daɗewa yana cinyewa mai shi bai sani ba. Na idon sawu siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, alhali a kowane taku nauyin da ke sauka a kansa yana kaiwa ninki huɗu zuwa biyar na nauyin jiki.

Amosanin gaɓɓai shi ne a samu gaɓa ta lalace ko ta kumbura daga ciki, har ta riƙa zafi, ta sanƙare, ta ƙi yin aikinta. Ire-irensa sun haura ɗari, amma huɗu ne suka fi damun ƙafa.

Na zaizayewar guringuntsi

Wannan shi ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Guringuntsi yana sirancewa a hankali, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi tauri, gefen gaɓar ya fitar da wani ɗan tsiron ƙashi. Shekaru, ƙiba, gado, aikin ƙarfi na tsawon lokaci da yanayin halittar ƙafa, kamar shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, duk suna da hannu.

Alamarsa ita ce zafi yana ƙaruwa da aiki, yana raguwa da hutu. Da safe gaɓar kan sanƙare, amma kafin rabin awa ta saki. A ƙafa ya fi son gindin babban yatsa da tsakiyar bayan ƙafa. Wanda ya kama wa babban yatsa yakan fara ganewa ne a sujada ko a zaman tahiya, lokacin da ake kafe yatsun ƙafar dama a ƙasa: yatsan ya ƙi lanƙwasa, a sama kuma a ji wani tudu da takalmi sau-ciki ke dannewa. Wanda ya kama wa idon sawu, tsugunno ne ke fara gagararsa, sai kuma tafiya a kan kunya a gona ko a hanya mai gargada.

Idon sawu yana da wani hali da ya bambanta shi da gwiwa, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya. Gwiwa takan cinye don tsufa kawai. Idon sawu ba kasafai yake yin haka ba. Binciken likitocin ƙashi ya nuna cewa cikin mutum goma da idon sawunsu ya lalace sosai, bakwai zuwa takwas sun taɓa samun rauni a wurin: karaya, gocewar ƙashi, ko targaɗen da ya yi ta maimaituwa. Raunin yana iya zama na shekara goma ko ashirin da suka wuce, har mai shi ya manta.

A ɗauki misalin saurayi ɗan acaɓa da ya faɗi, babur ya danne masa ƙafa. Aka kai shi wajen maɗori, aka ja, aka shafa magani, aka ɗaure da karare. Bayan wata biyu ya miƙe ya koma aiki, kowa ya yi hamdala. Ƙashin ya haɗe, amma bai koma mazauninsa sak ba. Wani gwaji da aka yi a 1976 ya nuna cewa idan ƙashin tsakiyar idon sawu ya goce da milimita ɗaya tak, faɗin wurin da ke ɗaukar nauyi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Kowa ya san tayar babur da ba ta zauna daidai ba, gefe ɗaya take cinyewa tun kwananta bai kai ba. Haka guringuntsin saurayin nan zai yi, sai ka gan shi yana ɗingishi yana ɗan shekara arba'in.

Ba raina maɗora muke yi ba. A ƙauyuka da dama su ne kusa, su ne kuma mai ƙaramin ƙarfi ke iya biya. Sai dai hannu, komai gwanintarsa, ba ya ganin gocewar milimita ɗaya ko biyu a cikin kumburarriyar gaɓa. Hoton ƙashi ne ke gani. Karayar da ta shiga cikin gaɓa ta asibiti ce, wani lokaci ma sai an yi aiki an sa ƙarfe. Akwai kuma haɗarin ɗauri mai tsanani da ke tsayar da jini. In yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina jin taɓi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa bayan ɗori, a kwance nan take a nufi asibiti. An yanke ƙafafu da yawa saboda jinkirin kwana biyu.

Targaɗe ma ba abin rainawa ba ne. In aka yi shi, a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20 sau da dama a yini, a naɗa bandeji ba tare da matsewa ba, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Wanda bai iya yin taku huɗu a kan ƙafar ba, ko yake jin zafi sosai in an danna ƙashin da kansa, yana buƙatar hoto. 'Yan ƙwallon unguwa su ji wannan da kyau: komawa fili kafin jijiya ta warke shi ke sa ƙafa ta riƙa turguɗewa a kai a kai.

Na rikicewar garkuwar jiki

Likitoci suna kiransa rumatoyid. A nan garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ke juyowa ta far wa fatar da ke cikin gaɓa. Fatar ta kumbura, ta yi kauri, ta shiga cin guringuntsi da ƙashi. Ba a gama sanin abin da ke tayar da shi ba, amma gado da shan taba suna ƙara haɗarinsa. Mutum miliyan 18 ke da shi a duniya a 2019, kuma kashi 70 cikin ɗari mata ne. Ba ya jiran tsufa. Mace 'yar shekara talatin tana iya kamuwa, wani lokaci 'yan watanni bayan haihuwa.

Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsun hannu da na ƙafa, dama da hagu a tare. Sanƙarewar safe tana kai awa guda ko fiye, kuma motsi ne ke sassauta ta, ba hutu ba. Ga kasala, ga rama, ga ɗan zazzaɓi sama-sama. Mai shi takan ce in ta taka ƙasa gindin yatsunta ne ke mata zafi, kuma in an matse gaban ƙafar da hannu sai ta zabura. Kusan tara cikin goma na masu wannan cuta, ko ba daɗe ko ba jima, sai ta taɓa musu ƙafa. In aka bar ta, yatsu su karkace su hau juna, tafin ƙafa ya baje, takalmi ya daina shiga. Tana kuma iya taɓa ido, huhu da zuciya.

Wannan ciwon ba ya son jinkiri ko kaɗan. Ɓarnar da yake yi wa ƙashi ba ta gyaruwa, amma in an fara magani a watannin farko ana iya tsayar da ita. Duk wanda gaɓoɓinsa suka kumbura har sati shida ba su sace ba, ya nemi likita.

Gawut

Mutum ya kwanta lafiya lau, tsakar dare zafi ya tashe shi. Gindin babban yatsa ya kumbura suntum, ya ɗauki zafi, fatar tana sheƙi, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Cikin yini guda ciwon ya kai maƙura, bayan sati ɗaya ko biyu ya tafi kamar ba a yi ba. Sai bayan watanni ya dawo, wataƙila a idon sawu ko a gwiwa. Irin wannan zuwan bazata ne ke sa a ce mutum ya taka wani abu, ko an yi masa jifa.

Sanadinsa wani sinadari ne da ake kira yurik asid, wanda jiki ke samarwa, ƙoda kuma ke fitarwa ta fitsari. In ya taru a jini sai ya daskare a cikin gaɓa ya zama ƙananan duwatsu masu tsini, waɗanda ido ba ya gani. Ga mafi yawan masu gawut, matsalar ita ce ƙodarsu ba ta fitar da shi yadda ya kamata, kuma wannan yakan bi jini. Ya fi kama maza magidanta, mata kuwa sai bayan sun daina al'ada. Ƙiba, ciwon ƙoda, giya, lemon kwalba da sauran kayan sha masu yawan sukari suna ƙara shi. Haka jan nama da kayan ciki, musamman hanta da ƙoda. Mai gawut ya kula da kansa a kwanakin Babbar Sallah, da kuma lokacin zafi in jiki ya rasa ruwa. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari suna ɗaga wannan sinadari. Kada a daina shan su da ka, a faɗa wa likita ya duba ko zai canja.

Wani kuskure da ake yi shi ne a hana mai gawut wake da ganye. Ba su da laifi. Nono da kindirmo ma taimako suke yi. Sannan a sani ƙaurace wa nama kaɗai ba ya isa ga wanda ciwon ke yawan tasar masa. Yana buƙatar magani na kullum.

Na ƙwayoyin cuta, wanda ba ya kwana a gida

Ƙwayar cuta tana iya shiga gaɓa ta hanyar jini, ko ta rauni: ƙaya, ƙusa, tsaga, sakiya, ko allurar da aka yi ba tsabta. Gaɓa ɗaya ta kumbura, ta ɗauki zafi, ta ƙi motsi sam, sau da yawa da zazzaɓi. Mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, cutar kuma ta bazu cikin jini ta yi kisa. Yara ƙanana, tsofaffi, masu ciwon suga da masu sikila sun fi shiga wannan haɗari. Da ido ba a iya bambanta shi da gawut, ko likita sai ya zuƙi ruwan gaɓar an gwada. Don haka dokar ita ce: gaɓa mai zafi da kumburi, in ta zo da zazzaɓi, ko in wannan ne karon farko, asibiti za a tafi a ranar.

Akwai masu zuwa a hankali. Tarin fuka yana kama ƙashi da gaɓa. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cutar dabbobi mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, abin da ya shafi makiyaya da mahauta. Wani kuma idon sawunsa ko dunduniyarsa kan kumbura sati ɗaya zuwa huɗu bayan gudawa mai tsanani ko ciwon sanyi na saduwa. Yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan sati biyu ko uku ciwo ya riƙa yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan, a kai shi a duba masa zuciya.

Ba kowane ciwon ƙafa ne amosani ba. Zafin ƙasan dunduniya a takun farko da safe yawanci na wata jijiya ce da ke shimfiɗe a tafin ƙafa. Kumburin ƙafa biyu da ke loɓawa in an danna yana iya zama daga zuciya, ƙoda ko hanta, ga mai juna biyu kuma yana iya zama alamar hawan jini. Mai ciwon suga da ya ga ƙafarsa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi amma ba ta masa zafi sosai, kada ya yi murna. Jijiyoyin ji ne suka mutu, ƙasusuwan suna iya rugujewa yana takawa bai sani ba. Ya daina taka ta, ya ga likita da gaggawa.

A gaban likita

Rabin gano cutar yana cikin bayanin da majiyyaci ya bayar. Ga yadda irin hirar take kasancewa:

"Baba, ina ne ke maka ciwo? Nuna mini da yatsa ɗaya."

"Nan ne, likita, idon sawun dama. In na je gona na dawo, sai in kwana ina juyi."

"Da safe fa, in ka tashi?"

"Takan ɗan riƙe, amma kafin in gama alwala ta saki."

"Ka taɓa jin ciwo a ƙafar nan, ko da daɗewa?"

"Af, tun ina saurayi na faɗo daga kan amalanke, aka yi mini ɗori. Wannan ai ya wuce."

"Bai wuce ba, Baba. Me kake sha?"

"Wani haɗi ne yaron kemis ke ba ni, ƙwaya biyar, safe da yamma."

"To, gobe ka zo mini da su, da takalmin da ka fi sawa."

Ku lura da abin da aka tambaya: wuri, lokaci, tsawon sanƙarewar safe, tsohon rauni, da maganin da ake sha. Bayan haka likita zai duba tafiyar mutum, ya motsa gaɓar, ya sa a ɗauki hoto, wanda ya fi kyau a ɗauka mutum yana tsaye a kan ƙafar. Gwajin jini yana taimakawa wajen gano rumatoyid da gawut, da kuma sanin lafiyar ƙoda kafin a rubuta magani.

Magani

Babu ƙwaya, allura ko jiƙo da ke mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye. Duk mai tallar magani a mota da lasifika da ya ce nasa yana warkar da sanyin ƙashi har abada, kuɗinka yake so. Abin da ake iya yi shi ne rage zafi, kare abin da ya saura, da barin mutum ya ci gaba da harkarsa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Ga na zaizayewa, abin da ya fi amfani ba a kemis yake ba. Mai ƙiba in ya rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, gaɓoɓinsa za su samu sauƙi. Takalmi ma magani ne. Silifa sakayau mai lanƙwashewa ba ta tallafar ƙafa, takalmi mai tsini ko mai matse yatsu kuwa ƙara ciwo yake. A nemi mai faɗin gaba, mai kaurin ƙasa da ba ya naɗewa a hannu, wanda ke riƙe dunduniya, irin kambas. Sanda ba abin kunya ba ce, kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta: in ƙafar dama ke ciwo, sanda a hagu. Wanda tsugunno ke wahalar da shi ya samu kujerar bayan gida. Malamai kuma sun yi bayani cewa marar lafiya yana da rangwamen yin salla a zaune.

Zama wuri ɗaya yana ƙara sanƙarar da gaɓa. A zauna a bakin gado a riƙa juya ƙafa ana zana haruffa a iska da babban yatsa. A miƙe ƙafa, a saƙala zane a gaban tafin, a jawo a hankali a riƙe na daƙiƙa 30. A dafa bango a ɗaga dunduniya a sauke sau goma. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya da tuƙa keke suna da kyau. Ɗan zafi lokacin motsa jiki ba laifi ba ne, amma in ya kwana ya wuni, an yi yawa. Ma'aikatan sashen gashi a asibiti su ne gwanayen wannan, su ke kuma auna wa mutum abin sawa cikin takalmi ko takalmin riƙe idon sawu.

Ruwan ɗumi yana sassauta gaɓar da ta sanƙare, sanyi kuma ya fi dacewa da wadda ta kumbura ta ɗauki zafi. Mai ciwon suga kada ya yi gashi ko ya tsoma ƙafa a ruwan zafi, zai iya ƙonewa bai ji ba. Game da hunturu, gaskiya ne mutane da yawa sun fi jin ciwon a lokacin, kuma safa da ɗumi suna taimakawa, amma ba wanka da ruwan sanyi ko kwana a siminti ne ya kawo cutar ba.

Sai ƙwayoyi. Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, yana rage ƙaramin zafi. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, mai ciwon hanta kuwa sai da shawarar likita. Man shafawa na diklofenak yana aiki sosai a ƙafa, don gaɓoɓinta suna kusa da fata, kuma ya fi na sha sauƙin illa. Na sha irin su ibufurofen, diklofenak da firoksikam suna kashe zafi da kumburi, amma in aka daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki da zubar jini, su ɗaga hawan jini, su lalata ƙoda. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a shan su da yunwa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, kada su sha sai likita ya ce. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin ya daina nan take ya je asibiti.

Haɗin da ake ƙullawa a leda a miƙa wa mutum ba suna ba takarda, shi ne babbar masifa. Sau da yawa akwai irin waɗancan ƙwayoyi biyu a ciki, a ƙara da deksametason ko furedinisolon. Kwana biyu mutum ya ji garau, ya yi ta yabon mai kemis. Bayan watanni fuska ta kumbura ta yi zagaye, suga da jini su hau, ƙashi ya yi laushi, rauni ya ƙi warkewa. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan kada ya yanke lokaci ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ya kai wa likita a rage masa sannu a hankali. Tiramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasa a garuruwanmu, ba shi ne maganin ciwon da za a zauna da shi shekaru ba.

Rumatoyid yana da nasa magunguna masu lafar da garkuwar jiki, babbansu metotireksat. Sau ɗaya a sati ake shan sa, ba kullum ba. Shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane. Ana haɗa shi da folik asid, ana gwajin jini lokaci-lokaci, kuma yakan ɗauki sati shida zuwa goma sha biyu kafin a ga aikinsa. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ba ta shan sa, akwai wasu da likita zai ba ta.

Gawut magani biyu gare shi. In ya taso, ana kwantar da shi da kolcisin ko ɗaya daga cikin masu kashe kumburi, kuma sun fi aiki in an fara a ranar farko. Na hana dawowa shi ne alofurinol, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa har yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 a ma'aunin gwajin jini. A farkon shan sa ciwon yana iya tasowa, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Ƙuraje a fata ko gyambo a baki ne dalilin dainawa da garzayawa asibiti. Cikin duk ire-iren amosani, gawut ne aka fi iya shawo kansa ɗungurungum, muddin an riƙe maganin.

Ana yin allurar rage kumburi a cikin gaɓa, tana ba da sauƙi na makonni ko watanni, amma aikin ƙwararre ne kuma ba a wuce sau uku ko huɗu a shekara. Tsaga da sakiya a kan gaɓa ba sa fitar da ciwon, ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta. In duk an gwada abin ya faskara, sai tiyata. Ana iya kankare tsiron ƙashi, ko a haɗe ƙasusuwan gaɓar su zama ɗaya, zafi ya tafi amma gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasa ba. Wanda aka yi wa haka a idon sawu yakan yi makonni bai taka ƙafar ba, daga baya kuma da yawa suna komawa aikinsu. Akwai kuma sauya idon sawu da na ƙarfe da roba, sai dai yana da tsada kuma ba ko'ina ake yi ba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da likitocin ƙashi da ake tura irin waɗannan majiyyata wurinsu. Mai shan taba ya sani ƙashinsa ya fi jinkirin haɗewa bayan aiki.

Aikin aji

1. Mace 'yar shekara 35 ta yi wata biyu yatsun hannunta da na ƙafarta, dama da hagu, suna kumbure, kuma sai hantsi suke saki. Wane iri kuke zato, kuma me ya sa ba za ta jira ba?
2. Me ya sa karayar idon sawu ke buƙatar hoto ko da akwai gwanin maɗori a gari?
3. Ku kawo alamomi uku da za su sa a kai mai ciwon ƙafa asibiti a ranar.
4. Ku tattauna: me ke sa mutane suka fi zuwa kemis a kan asibiti a unguwarku, kuma me za a iya yi a kai?

Kafin darasi na gaba, kowa ya duba magungunan ciwon jiki da ake sha a gidansa, ya kwafo sunayen da ke jikin kwalin a littafinsa. In akwai wanda ke shan haɗin da ba shi da suna, a raka shi asibiti mafi kusa da ragowar ƙwayoyin a hannu.